Malam Kalilu Mai Raba Kalmomi

Waɗanda suka zauna Arlit a shekarun baya ba za su manta da Malam Kalilu ba. Mutumin Katsina ne, ya zo garin tun yana saurayi, ya kafa tebur a wata rumfa kusa da tasha, yana buga wa mutane wasiƙu da tafireta. Faransanci a nan ya tsince shi, amma Turancin Ingilishi da shi ya taho daga gida, tare da wani ƙamus da bangonsa ya cire. Shekara talatin da wani abu ba mai neman Turancin nan, sai jefi-jefi.

A 2007 abubuwa suka juya. Tawaye ya sake tashi a duwatsun Ayar, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, hanyar Agadas ba a binta sai da rakiyar soja. A daidai lokacin kuma sababbin kamfanoni suka shigo neman ma'adinin uraniyom, wasunsu da Ingilishi suke aiki. Rumfar Malam ta cika.

Cikin masu zuwa akwai Amumun, wani direba mutumin Dannet, wanda da can yake kai Turawa cikin hamada. Takardar neman aiki ya zo a buga masa. Ya ga duk lokacin da ƙararrawar tafireta ta buga a ƙarshen layi, sai Malam ya dakata, ya buɗe ƙamus.

"Malam, me kake nema kullum a ciki?"

"Gaɓa nake nema. Kalma in ba ta shiga layi ba, ba a sara ta ko'ina. A gaɓa ake raba ta, a sa karan ɗori, a ƙarasa a ƙasa."

Ya nuna masa ɗigon da ƙamus ke sawa tsakanin gaɓoɓi. Amumun ya ce sunan sana'arsa ai dri-ver ne. Malam ya ce haka kunne ke ji, amma masu harshen driv-er suke rabawa.

Daga ranar Amumun ya riƙa zuwa kowace hantsi da butar shayinsa. Malam na ƙwanƙwasa tebur da yatsa, shi yana bi: u-ra-ni-um, huɗu. Wata rana suka iso kalmar mine. Malam ya karanta masa ma'anoninta uku: ramin haƙar ma'adini, nakiyar da ake binnewa a hanya, da kuma "nawa".

Amumun ya ajiye kofin shayinsa. Satin da ya wuce nakiya ta tashi da motar wani abokinsa.

"Duka uku kalma ɗaya ne?" ya tambaya.

"Ɗaya ce. Gaɓarta ma ɗaya, ba ta rabuwa."

Ranar ba su ƙara karatu ba, shayi kawai suka sha.

Bayan wata huɗu Amumun ya samu aikin tuƙa injiniyoyi. Malam kuwa idanunsa suka fara yana, ga shi an buɗe shagon kwamfuta a gefensa, samari sun koma can. Bai yi ƙorafi ba. Da 'yan tawaye suka ajiye makamai, ɗansa Jibrin ya zo ya tafi da shi gida. Da safen da zai tafi, direbobin tasha suka yi ta rigimar wanda zai ɗaukar masa jaka. Yanzu wani tela ne a rumfar.