Fadamar da Majvor ta nuna

Ran nan da yayyafi aka tashi, gajimare ya rufe kan dutse, ga sauro ko'ina. Farkon Agusta ne. Na kai wa Majvor itacen wuta a rumfarta ta bakin hanya, inda take toya wa masu yawon buɗe ido waina, ta zuba musu yurtron a kai, 'ya'yan fadaman nan masu launin zuma.

A ƙauyenmu ko matarka ba ka faɗa wa inda kake tsinkar yurtron. Majvor da yayanta Sixten fadama ɗaya gare su, bayan tafki, wadda mahaifiyarsu ta nuna musu. Kowa na da ikon shiga daji. Rashin sani kawai ke tsare wurin.

A ranar wasu mata da miji daga Stockholm suka fake a rumfar. Matar ta ce kakarta 'yar nan arewa ce, rabonta da ganin yurtron a jikin ganyensa tun tana yarinya. Majvor akwai tausayi. Ta rufe rumfa, ta ara musu takalman roba, ta kai su fadamar. Sun yi alkawarin yin shiru, kuma ina jin da gaske suke. Sai dai sun sa hoto a waya, wayar kuma ta nuna wa kowa wurin.

Da shekara ta zagayo, motoci suka jeru a bakin tafki. Aka tsinke har ɗanyun, aka tattake saura. Sixten ya tafi da bokiti biyu, ya dawo da su wayam. Ya zauna a rumfa ya ce, "Auta, ba ni waina haka nan gaya. Na ji baƙinki sun taya ni cin rabona."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga baya ta ce mini da ma zaginta ya yi.

Shekaru ta yi tana bin fadamu masu nisa da sanda, tana nema masa wata. Ta samu wata ƙarama can bayan dutse, amma lokacin gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya hawa. Ta tsinko ta kai masa. Ya ci, ya ce da daɗi, sannan ya tambaya ko ta leƙa ta Inna. Ta ce ba ta iya bi ta wajen.

Yanzu Sixten yana gidan tsofaffi a garin Sveg. Majvor tana nan a rumfarta, duk Lahadi takan rufe ta tafi wurinsa.