Ba-Aro

Har gobe idan na tuna da abin da Baba Ƙarami ya yi wa dokin tsohonmu, raina ɓaci yake yi. Baba Ƙarami ƙanen babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun suna yara akushi ɗaya suke ci a zaurenmu. Ya zo ya ari dokin, Akawal, wai zai tafi ɗaurin aure Tsarnawa. Ashe amalanke ya ɗaura masa, ya je Malbaza ɗaukar siminti. Dokin hawa fa, wanda ko buhun gero ba a taɓa aza masa ba. Ya dawo da shi cikin rana tsaka, kumfa har ƙirji, ya kuma ba shi ruwan rijiya yana haki. Kwana biyu Akawal ya mutu. Da na tare shi da maganar, ko kunya babu, ya ce mini, "To mi? Ai dabba ce."

Tsohonmu ya haɗiye. Ni ban iya haɗiya ba, ba a halicce ni da wannan maƙogwaron ba.

Bayan kaka biyu na sayar da wakena da bijimi guda, na sayo wani jan doki a kasuwar Alela, mai farin goshi. Ƴan gida suka taru a turke, kowa da sunan da ya kawo. Innarmu ta ce Alheri, matata ta ce Gamji. Duk na ji su ne kawai. A wajenmu, wanda ba ka iya zaginsa ido da ido, sai ka raɗa wa dabbarka suna, ita ta riƙa kai masa saƙo safe da yamma. Na ce sunansa Ba-Aro.

Tsohonmu ya dube ni. Ya ce, "Yaro, magana zarar bunu ce. Wanga suna ka sake shi."

Na ce, "Baba, dokina ne ko na gari?"

Allah ya yafe mini wannan amsa. Amma a lokacin daɗi na ji. Duk la'asar, daidai lokacin da Baba Ƙarami ke shigowa zaure, sai in tsaya a turke in ɗaga murya, "Ba-Aro, zo ka sha dusa." Yaran unguwa suka ɗauka, mata a bakin rijiya suna dariya. Mako bai cika ba ya daina zuwa. Da damina ta matso ya kwashe iyalinsa ya koma tungarsa can bayan fadama. Tsohonmu ya ci gaba da sa a kawo tuwon mutum biyu, ya ci gefensa, ya rufe sauran. Bai taɓa kiran dokin da sunansa ba, "wancan" yake cewa.

Cikin tsakiyar damina ciwo ya kwantar da tsohonmu. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa ya kama hannuna ya ce, "Tahi ka kawo mini ƙanena." Fadama ta cika, babur ba ya ratsawa. Na ɗaura sirdi na tafi.

Na iske Baba Ƙarami yana noma, da gwiwarsa mai ciwo ɗaure da tsumma. Na sauka na durƙusa, na gaya masa yayansa na nemansa, kuma jikin ya yi tsanani. Ya yar da hauya nan take. Na jawo dokin na riƙe masa likkafa. Ya dubi dokin, ya dube ni.

"Wanga ba na aro ba ne," in ji shi. "Kai ka faɗa, gari ya shaida."

Na roƙe shi. Na ce na tuba, na ce ba aro ba ne, kyauta ce, ya ɗauka har sirdin. Ya raɓa ni ya kama hanya da sandarsa. Haka muka ratsa fadama, tsoho yana ɗingishi cikin laka har gwiwa, ni ina bayansa ina jan doki babu kowa bisa. Na yi masa magiya, na yi masa tsawa, har na ce masa taurin kansa ne ya kashe Akawal. Ko waiwaye bai yi ba. Tafiyar da doki ke yi kafin hantsi, sai bayan azahar muka iso. Tun daga bakin gari muka ji kukan mata.

Ina jin haushinsa har yau, kada wani ya ce mini in yi haƙuri. Girman kai ya hana shi ganin yayansa da rai. Amma wa ya miƙa masa sandar da ya dake mu da ita? Ni ne, da bakina, a gaban tsohon da ya ce in sake.

Bayan sadakar bakwai na koma kiran dokin Alheri, sunan da Innarmu ta so. Wata uku ina fama, ko kunne ba ya kaɗawa. In ina so ya zo ya sha ruwa, dole in matsa kusa, in rage murya yadda ba wanda zai ji, in kira shi da wancan sunan.