Fil a Bakin Maman Barewa

Shagon Maman Barewa ɗan ƙarami ne: keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka a jikin bango, sai madubi mai tsaga da ke raba mutum gida biyu. A nan ta kwashe shekaru tana kalmasa da sa zif, a nan ta raini 'yarta. Hali ɗaya gare ta da ke gajiyar da jama'a: tambaya. In ka kawo ɗinki sai ta ji inda za ka da rigar da wanda za ka gani. Ba gulma ba ce, so take ta sani kawai.

'Yar tata, wadda koci ya laƙaba wa Barewa, tseren tsallake shinge take yi. Wata jami'a a ƙasar waje ta ga gudunta, ta ba ta gurbin karatu kyauta, ita kuma ta riƙa yi musu tsere. Saura ganawa da jami'in biza. In ya ce a'a, shi ke nan, gurbin ya koma hannun wata.

Sai ga Kawu, yayan uwar, ya naɗa kansa malami. Mutumin da aka hana biza ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shi ne wai masani! Ya kafa kujera a tsakiyar shago, ya sa tabarau, ya haddace wa yarinya amsoshi kamar karatun aku.

Matsalar ita ce, shekara da shekaru ana koya wa Barewa ta zabura da zarar bindiga ta tashi. Kawu zai buɗe baki, "Me ya sa…" kafin ya rufe ta riga ta kai ƙarshen amsa.

"Me ya sa kika makara yau, nake son cewa!"

"Yi haƙuri Kawu, na ɗauka na jami'a ne."

"A fili ma wanda ya riga bindiga korarsa ake yi. Sake!"

Aka sake, ta sake riga shi. Ya ce kada ta ambaci gudu. Washegari ya ce kada ta ambaci komai sai gudu. Yarinya ta rame tsaye, abinci ma tsakura take. Abin takaici, babu wanda ya taɓa tambayarta abin da za ta je yi da gaske.

Ana jibi ganawa, uwar ta tsayar da ita a kan benci don gwada rigar da za ta sa. Ta cika leɓe da fil, ta durƙusa.

"Wai ni kam 'yar nan…" Ta zare fil ɗaya, ta soke.

"Na zaɓi wannan jami'a ne saboda…"

"Ke! Motsa ki sha suka. Ban gama ba."

Barewa ta ƙame. Mai fil a baki ba ya sauri. Kalma biyu, sai suka, sai kalma biyu. Dole ta jira.

"…me makaranta za ta ci da gudunki? Sayar da shi suke yi?"

Wannan ba ta cikin haddar Kawu. Barewa ta yi tunani, sannan ta bayyana yadda jami'o'i ke gasa da juna, da yadda in ta faɗi jarrabawa za a cire ta daga tseren.

"Au, ashe sai da karatun? To karatun me?"

"Gashin ƙashi, Mama."

"Gashi kamar na nama?"

Barewa ta tuntsire da dariya, fil ya cake ta a ƙugu. Tana sosawa ta ba da labarin ƙawarta da gwiwa ta goce a fili, aka rasa mai duba ta, har ta bar gudu.

"To in kin iya, su can za ki gasa wa, ko mu?"

"Filinmu zan dawo. Da bayanki zan fara."

Uwar ba ta daina ba. Wa ke wanke kayan tsere? Ana gudu cikin sanyi? In ƙafa ta karye, korar mutum ake yi? Wata tambayar Barewa ta amsa, wata ta ce ba ta sani ba, ta kira koci a waya ta tambaya. Kawu ya shigo ya tarar da su, ya ce ana ɓata masa aiki.

"Yaya, matsa, ka tare min haske," in ji uwar.

Ranar ganawa, uwar da Kawu suka tsaya a tsallaken titi, don ba a barin 'yan rakiya su shiga. Tana ta kallon masu fitowa, tana mamakin wanda ya ɗinka wa masu gadi riguna masu faɗin kafaɗa haka. Can sai ga Barewa, hannu wayam.

"Ina fasfon? Ƙwacewa suka yi?"

"Sun riƙe, Mama. A ciki za su buga bizar."

"Kin bar shi ya gama magana?"

"Ji nake kamar fil na ƙuguna."

Kawu ya cire tabarau, ya goge. "Ikon Allah. Ni kullum a take suke miƙo min nawa."

Uwar ta gyara wa 'yarta wuyan riga. "To shi jami'in, a zaune yake ko a tsaye? Faɗa min tun daga ƙofa."