Malam Jibo Mai Lamba da Yaran Wurma

Kafin hantsi Malam Jibo ya riga ya jiƙa tsummansa. Yakan naɗe 'yan kwalaben ruwan lamba a ciki, ya sa a ƙaramin tulu, ya ɗaure a jikin jakinsa, ya fita daga Dutsin-Ma. Yau Makera, gobe Rawayau, jibi inda ƙafa ta kai. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan yawo, tun lokacin da Turawa suka fara sa a yi wa yara lamba saboda agana, uwaye na cusa 'ya'yansu cikin rumbu in sun hango shi. Bana ido ya gaza, ya ajiye aiki. Ni kuwa, da nake koyar da karatun allo a Wurma, na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Kirista ne, a hannun 'yan mishan ya tashi can kudu. Da farko gaisuwa ma da ƙyar muke amsa masa. Amma mutumin da ya san sunan kowane yaro, yana tsaga masa dantse yana yi masa waƙar banza har ya manta da kuka, ina za ka kai ƙiyayyarsa? Aibinsa ɗaya, kuma ya san na sani: dambe. In ya ji kalangu, to, sai dai a yi haƙuri.

Damben ne ya ja masa. A shekararsa ta huɗu, yana kan hanyar zuwa garinmu, ya tarar ana gwabzawa a kasuwar Kurfi. A lokacin doki gare shi. Ya ɗaure shi a fili da tulun a jikinsa, ya ce bari ya ga turmi ɗaya. Turmi ɗaya ya zama la'asar. Tsumma ya bushe ƙayau, ruwan lamba ya sha rana, shi kuwa ruwan nan zafi na kashe shi. Ya sake jiƙa tsumman, ya ce wa ransa ba komai. Washegari ya yi wa yara talatin da ɗaya lamba, har da 'yata Sakinatu.

Lamba in ta kama, sai ta kumbura ta yi gyambo. Da ya dawo bayan mako, ko ɗaya ba ta kama ba. Mata sai murna, suna cewa hannunsa sanyi gare shi, har da kawo masa fura. Ba wanda ya san yaran nan a buɗe suke ga agana. In ma Baturen likita ya tambaya, amsa a shirye take, don kowa ya san uwaye kan goge lamba da lemun tsami. Sai a ɗora musu, a ja kunnen mai gari, shi ke nan.

Ya same ni a zaure, fuska ba annuri, ya faɗa mini komai. Ni kuma, Allah Ya gafarta mini, a lokacin ban ɗauki lambar a bakin komai ba, abokina nake ji. An riga an sa sunansa zai zama shugaban masu lamba a Katsina. Na ce ya rufa wa kansa asiri, tun da Allah Ya rufa masa.

Ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Malam, a wurinmu an koya mana wanda ya ɓoye laifinsa ba ya ganin albarka. Sai ya faɗa wa Allah, ya faɗa wa wanda ya cuta. Allah na faɗa masa tun a hanya. Saura uwayen yara."

A ranar ya tsaya a ƙofar mai gari Mahmuda, gaban jama'a, ya cire hularsa ya faɗi abin da ya yi, bai rage ko damben ba. An zage shi, an yi masa dariya. Wata tsohuwa, Gogo, mai jikoki uku a ciki, ta rantse ba mai sake taɓa mata su. Daga nan ya wuce Katsina ya kai ƙarar kansa. Aka soke shugabancin, aka karɓe dokin. Ya dawo da sabon ruwa a kan jakin aro, yana bi gida gida yana roƙo. Ƙofar Gogo sau shida ya je. A na shidan ta turo yaran, tana cewa ita dai ta gaji da ganin fuskarsa.

Bayan damina biyu agana ta shigo ƙasar nan. Abin da ta yi a ƙauyukan da ba a kai ga yi musu lamba ba, ba na son tunawa. Cikin yaran nan talatin da ɗaya ba mu binne ko guda ba.

Malam Jibo, kai ne ka zaɓi kunyar yini ɗaya a kan makokin gari. Na baya gare ka duk sun wuce ka a muƙami, ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Addininmu ba ɗaya ba, amma gaskiyar da nake karanta wa yara a allo, a wurinka na ga an tsaya da ita a tsakiyar rana. Mun gode, Allah Ya saka, Ya ba idon nan sauƙi.

Masu riƙe da aikin jama'a, in kun yi kuskure ku faɗa tun yana da magani. Ni ma ba zan ce a yi abin da ban yi ba. Shekara goma sha huɗu uwar Sakinatu ba ta san cewa ni na ba da shawarar a yi shiru a kan ran 'yarta ba. Ina ajiye alƙalamin nan zan shiga cikin gida in gaya mata.