Gashin da Ya Sa Aka Rataye Allona

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Rajab, ana idar da sallar la'asar, daidai lokacin da inuwar rumbunmu ke taɓa gindin turmi, abin ya fara lalacewa. Shekarata goma sha ɗaya. Ina zaune a tabarma, Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina, tana tsefe mini kitson da ya kwana ashirin, ni kuma allona na kan cinyata ina bita a hankali. Ta sa mataji ta ja, sai na ji ta yi salati. Ta miƙo tafin hannunta gabana, ga gashi dunƙule kamar ƙwan zabuwa. Ta dubi gashin, ta dubi allon, ta ce, "Na faɗa, ba a ji ba. Karatu zafi gare shi, kan mace ba ya ɗauka."

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, inda gonaki ke manne da juna, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Da safe ina share tsakar gida, in kai wa awaki harawa, in zauna kaɗi da mazari har hantsi. Bayan nan nake tafiya gidan Malama Dije, matar liman, wadda ke koya wa 'yan mata karatu a gindin wata tsamiya. Sa'o'ina suna gaɗa a dandali, ni ina gefe ina gyara alƙalamin kara. Ba ni da baki, ba ni da murya. Abu biyu kawai nake da su: gashi har kafaɗa, da karatun da na fi kowa.

Ni 'yar fari ce, don haka Inna ba ta iya sa baki a zancena, kunya ta hana. Baba kuwa ya dawo daga gona a gajiye, Gwaggo ta tare shi da dunƙulen gashi tun kafin ya ajiye fartanya. Ya ce a yi yadda ta ga dama. A daren nan aka rataye allona a can saman ɗaki, inda hannuna ba ya kai.

Daga nan kowa ya zama mai magani. Wata ta ce man shanu, aka lafta mini har ƙuda na bina. Wata ta ce tulu ne, aka hana ni zuwa rijiya. Wata maƙwabciya ta rantse tsuntsu ne ya ɗauki gashina ya yi sheƙa da shi. Wannan ta fi ba ni haushi, domin ban taɓa yar da ko sili ɗaya ba. A garinmu gashin tsifa a tsagar katanga ake cusa shi, ni kuwa har naɗe nawa nake yi a ganyen kalgo in ɗaure da zare. Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaya ma, da ƙasa zan duba.

Da aka sake mini kitso, Gwaggo ta hana a taɓa kan nan har kwana arba'in, wai ya huta. Kwana arba'in ina jin karatun yara daga gidan liman, ina kaɗi, ina bin su a zuci, ina jin inda suka yi kuskure ba damar in gyara. Ranar da aka tsefe, gashin da ya fito ya ninka na farko. Na ce a raina to, yau gaskiya ta fito, ba allo ba ne. Sai Gwaggo ta ce, "Kun gani? Zafin da ya riga ya shiga ne yake fita. A ƙara mata arba'in." Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Washegari aka kai ni wurin Iya Tabawa, tsohuwar makitsiyar garin, wadda ta yi wa Gwaggo kitson aurenta. Gwaggo na ta kwararo bayani, ni kuwa na ciro ƙunshi biyu daga zanina na ajiye a gaban Iya. Na ce, "Wannan na kwana ashirin ne, ina karatu. Wannan na arba'in ne, ba na yi." Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gaban manya. Iya ta kwance su, ta jera, ta yi dariya har tana tari. Ta kama kaina ta juya shi wajen rana, ta kira Gwaggo ta nuna mata 'yan gajerun gashi a goshina, sun tsaya cirko-cirko kamar gero ya kwana bakwai da shuka. Kafin magariba Baba ya taka turmi ya sauko da allon. Gizo-gizo har ya yi masa saƙa.

Yau tsamiyar Malama ta faɗi, Iya da Gwaggo sun daɗe da kwanta dama, Allah Ya jiƙansu. Ni ce ke zaune da 'yan mata da alluna, kaina fari fat, kuma har yanzu duk tsifa sai na cika tafin hannu. Gwaggon da ta ishe ni, yau ina marmarin hannunta a kaina. In wata uwa ta shigo mini a firgice da gashin 'yarta, amsar Iya nake ba ta, yadda ta faɗe ta ranar:

"Habi, kullum gashi faɗuwa yake, kitso ne ke riƙe shi sai ranar tsifa. Ki daɗe ba ki share ɗaki ba, ki ga shara. Na buɗe kan kowace mace a garin nan, har naki, ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, kuma kowa sai ya ba ni wannan. Ga na baya nan yana tsirowa. A ba yarinya allonta."