Wankan da Goggo Habi Ta Yi Mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuto ta. Na fara na goge, na sake farawa na sake gogewa. Tun muna yara aka koya mana cewa mummunan mafarki ba a faɗarsa, sai dai mutum ya yi tofi ta hagu, ya nemi tsari, ya juya kwanciya. Duk na yi. To amma ni ban san ko nawa mummuna ne ko mai kyau ba, kuma rashin sanin ne yake neman ya zautar da ni. Idan kuskure ne faɗar, Allah ya yafe mini. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Sai na fara faɗa muku halin da nake ciki, don ku gane. Ina da ciwon da likitoci suke kira MS. Likita ya ce jijiyoyin mutum suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar wuta, to ni jikina ne da kansa yake cinye rigar. Shi ya sa wata rana ƙafata ta hagu sai ta mutu, in taka ƙasa in ji kamar auduga na taka. Wata rana ido ɗaya ya yi hazo. Can kuma sai abin ya lafa kamar ba a yi ba. A da kitso ne sana'ata, yanzu yatsuna ba sa jin gashi. Da sanda nake tafiya.

Kafin a gano sunan ciwon, Inna mahaifiyata ta kai ni wurin wani mai magani a ƙauye, don kowa ya ce mata ciwon da yake zuwa ya tafi ai na mutanen ɓoye ne. Aka rufe ni a wani ɗaki marar taga. A turara mini hayaki har in shiɗe, a kwara mini ruwan magarya, a tsula wa ƙafar bulala, wai ba ni ake duka ba, na jikina ake duka. Da na ce musu ba na ma jin dukan, sai suka kalli juna suka ce ai kun gani. Sauran ba zan iya rubutawa ba. Tun daga nan ko ƙamshin turaren wuta na ji a gidan suna sai jikina ya hau rawa. Na daina son shiga mutane, abinci ya fita raina, sai in wuni ina kallon bango hawaye yana zuba.

Kwanan nan ciwon ya sake tashi. Inna ta tare a gidanmu tana jinyata, kuma ta ce ƙauyen nan za ta mayar da ni. Maigidana ba ya so, amma yana jin nauyinta, ba ya iya ɗaga ido ya musa mata. Da ƙyar ya roƙe ta a jira ranar ganin likita. Ta ce ta ji, amma in ta ga alama ko guda ɗaya ba za ta ƙara jiran kowa ba. A wurin Inna kuwa mafarki babbar alama ce. Kullum da safe sai ta tambaye ni me na gani.

Jiya, bayan na idar da sallar asuba a zaune, barci ya sake ɗaukata a kan darduma, na yi wani mafarki.

Na ganni a layin asibiti. Benci ne dogo ba a hango ƙarshensa, mata sun cika shi, duk sun juya mini baya, kawunansu a tsefe, kowace tana jiran in yi mata kitso. Na kama kan ta farko, sai gashin ya riƙa zubewa ta tsakanin yatsuna kamar gero. Ba ta juyo ba ta ce, "Uwar ɗaki, yau ma a tsefe za mu je bikin?" Na buɗe baki in ba ta haƙuri, murya ta ƙi fita.

Sai kawai aka kira sunana. Ba da sunan mahaifina aka haɗa ba kamar yadda ake yi a asibiti, da sunan Inna aka haɗa, irin kiran mai maganin nan. Na miƙe, ƙafata lafiya lau, har ina mamaki. Na shiga ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, inda ake tura mutum cikin wani dogon kogo na ƙarfe. Na kwanta aka tura ni. Ƙara ta fara, amma ba ta injin ba ce, luguden taɓarya ne, mata suna daka a saman kaina. Kogon ya yi ta matsewa, farin ƙarfen ya koma jar ƙasa mai laima. Na shafa bangon na gane shi. Ɗakin ƙauye ne. Hayaki yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba ya tashi sama, a ƙasa yake malala kamar ruwan wanki. Ina jin Inna daga waje tana cewa, "A ƙara mata, Malam, ai ba ita ba ce." Da kuka a muryarta. Na yi ta kiranta, ba ta amsa ba.

Sai kawai na ganni a tsakar gidanmu na da, kwance a kan tabarma, an kewaye ni da zannuwa. Goggo Habi tana tsugune a kaina. Goggo Habi ƙanwar babanmu ce, ta rasu tun ina goyon fari, kuma ita ce take yi wa matan unguwarmu wankan gawa. Ta naɗe hannunta da ƙyalle. Ga ƙwarya a gefe, ruwan magarya yana kumfa a ciki, ga farin yadi a ninke a kan faifai. Ina so in ce, Goggo, da raina fa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ta fara ta dama kamar yadda ake yi, tana yi tana mita irin tata.

"Dubi wuya duk ƙashi. Ku 'ya'yan yanzu kun raina tuwo. Ɗaga hannun mana, ke ko a nan ma sai an yi fama da ke?"

Ta yi mini alwala a nutse, ba ta tsallake ko'ina ba. Da ta zo ƙafar hagu sai na ji ruwan. Wallahi na ji shi, da sanyinsa, yana bi ta tsakanin yatsu. Ni da na daɗe ina wanke ƙafar nan ina sakewa, don ban san ko ruwa ya taɓa ta ba, sai na duba da ido, kuma ko na duba zuciyata ba ta kwanciya. Ruwan magaryar da nake tsoro, a hannun Goggo bai tsorata ni ba.

A nan ne abin da ya fi damuna ya faru. Wani daɗi ya sauko mini wanda na manta da irinsa. Babu ciwo, babu nauyin da ke danne mini ƙirji, babu mai jiran in warke. Na ce a raina, ashe haka hutu yake, to a ƙyale ni a haka. Ni na faɗa, ba wani ya sa ni ba.

Goggo ta gama ta naɗe ni. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki sandata da ke jingine da randa, ta ce, "Kawo nan, inda za ki ba a shiga da wannan." Sannan ta zaro kibiyar kitso daga cikin ɗankwalinta ta danƙa mini a tafin hannu, ta matse yatsuna a kai. Ta nufi zaure tana dogara sandar. Da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo ta ɗaga hannu. Har yanzu ban san kirana take yi ko sallama take mini ba.

Na ganni a tsaye cikin farin yadin nan, ina tafiya wajen zauren. Zauren ya yi tsawo, babu duhu kuma babu haske. Sai na ji muryar 'yata daga bayana, can nesa kamar daga cikin rijiya, tana cewa, "Umma, ina kika sa hijabina? Zan makara." Na tsaya, ƙafa ɗaya a ɗage a kan dokin ƙofa. Ban san ko na sauke ta a ciki ko a waje ba.

Na farka. Rana ta fito, yarinyar da gaske hijabinta take nema. Ƙafar tana nan a mace yadda na bar ta. Hannuna a dunƙule, har farce ya shiga tafina. Inna tana tsaye a kaina da kofin koko.

"Ke 'yar nan, me kika gani? Tun ɗazu kike kiran Goggo."

Na kawar da kai.

"Wace Goggon? Mai rai ko ta ƙarƙashin ƙasa?"

Na ce, "Inna, bari in wartsake."

Ta ce, "Wartsake, ina nan. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. In bakinki ya ɓoye, idonki zai faɗa."

Da maigidana zai fita kasuwa ya sunkuyo kamar takalmi yake nema, ya ce a hankali, "Don girman Allah ko me kika gani ki haɗiye shi, sai mun ga likita. Ki ce mata awaki kika gani." Ya yi 'yar dariya don in yi, na kasa. Na ji malamai suna cewa ƙarya a kan mafarki babban zunubi ne, ba zan iya ce mata awaki ba. In kuma na faɗa mata gaskiya, ga mamaciya, ga magarya, ga hayaki, ga kira da sunan uwa, ko la'asar ba za ta yi ba sai na ganni a mota. Ba mugunta ba ce, sona take yi. Amma na san in aka sake rufe ni a ɗakin nan, wadda za ta fito ba ni ba ce. Tun jiya nake kauce mata, in ta shigo in rufe ido. Ɗazu na hango ta tana ninke zannuwana tana sawa a jaka.

Shi ne na zo gare ku. An ce in mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne, in ya karɓi naka kuma ka kusa. To ni ta karɓa kuma ta bayar, wanne zan ɗauka? Inda ba a shiga da sanda, lafiya take nufi ko kabari? Daɗin nan da na ji, da maganar da na yi a raina, ya zama na roƙi mutuwa ke nan, ko ba a kama mai barci da laifi? Wannan ko maigidana ban faɗa wa ba, don tun kafin mafarkin tunanin yakan zo mini ido biyu, in yi ta istigfari.

Idan akwai mai irin ciwona a cikinku, ko mai jinyar wani, don Allah ya faɗa mini: ciwon ne yake kawo irin wannan mafarki, ko allurar da ake mana a asibiti? Akwai likitan da ake kai wa nauyin zuciya ya saurara, ba tare da an ce mutum ya haukace ba? Kuma masu ilimi, ku taimake ni da kalmar da zan faɗa wa Inna gobe da safe, wadda ba ƙarya ba ce, kuma ba za ta mayar da ni ɗakin nan ba.