Malam Isyaku, Mai Gadin Ungulun Maƙabarta

Shekara da shekaru, idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu da ke kusa da Ƙofar Mazugal, kowa gida yake nufa ko shago, ban da Malam Isyaku. Shi sai ya zura takalmansa na roba, ya rataya tabaron hangen nesa a wuya, ya bi ta lungun 'yan itace har ya kai inda ragowar badala ta tsaya kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Can zai hau ya zauna, ya ɗaga kai. Ba ya magana, ba ya ko korar ƙuda. Wanda bai san shi ba, in ya hango shi a wannan lokaci da gari bai gama wayewa ba, sai ya yi a'uziyya ya sake hanya. Na san mata masu kai niƙa da suka daina bi ta wurin saboda shi.

Ungulu yake jira. Kusan shekara talatin yana aiki da malaman jami'a masu binciken tsuntsaye, shi ne mai fita fili ya gano musu inda ungulaye suke kwana, inda suke sheƙa, da yawan waɗanda suka rage a cikin birni. A watan jiya ya yi ritaya. Ba a yi masa walima ba, ba a kira 'yan jarida ba. Shi ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu tun yana raye, a karanta masa ya ji da kunnensa.

Tanko mahauci, wanda ya tsufa a kwata, shi ya fara ba ni labarin yadda abin yake a da. Ya ce, "In ka jefar da tumbi, to kauce, don kafin ya kai ƙasa sun rufe shi. Rufin kwata baƙi ƙirin yake da su, kana jin ƙarar faratansu a kan kwano kamar ana ruwan ƙanƙara. Wata rana kawai muka ankara kwanon ya yi shiru. Wallahi ba mu san yaushe suka tafi ba." Sun tafi ne saboda an sare dogayen itatuwan da suke sheƙa a kai, kuma ana sa musu guba a yanke kawunansu a sayar wa masu tsibbu. Tun da suka ɓace mushe ke kwana yana wari a bakin hanya, karnukan da ba su da ubangida suka yi yawa.

Tanko yana tare da Malam Isyaku ranar da suka ci karo da wani mushen jaki. Da rani ne, da hantsi, a cikin wani kududdufi da ya ƙafe a bayan badala. Ya ce tun daga nesa ya ji tsigar jikinsa ta tashi, bai san dalili ba sai da suka matso: mushen jaki ne kwance a rana, amma babu ƙuda ɗaya da ke tashi a kansa. Ƙudajen duk suna ƙasa, sun mutu, sun yi tsibi kamar an zubar da gero. A kewaye da jakin kuma ga ungulaye goma sha wani abu, sun baje fukafukai, sun yi da'ira kamar masu zaman makoki. Babu wadda ba a yanke wa kai ba a cikinsu.

"Malam, mu bar nan," in ji Tanko. "Wurin nan ba na mutane ba ne."

Malam Isyaku ya ce, "Aikin mutane ne, Tanko. Aljani ba ya sayen gubar fiya-fiya."

Bai bar wurin ba sai da ya sa aka nemo masu diga aka haƙa rami mai zurfi aka binne jakin da tsuntsayen, don kada karnuka su ci, kada kuma ruwan damina ya wanke gubar cikin kududdufin da yara ke wanka. Suna cikin haƙa ne ya ji kamar ana kallonsa. Da ya waiwaya, sai ga wata ungulu a gindin tumfafiya, ƙafafunta sun sandare, fuskarta ta yi fari fat, amma idonta a buɗe. Masu yanka ba su gan ta ba. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta, ya rungumo ta har gida.

Matarsa, 'Yardada, tana wanke kaskon ƙosai ya shigo. Ta ce, "Malam, mene ne wannan ka shigo mini da shi?"

"Baƙuwa ce, ba ta da lafiya."

"Baƙuwar da ke cin mushe?"

"Ita ce. Taimake ni da gawayi, ki daka shi lukui."

Ta yi tsaki, amma ta daka. Dakta Bahijja, malamar jami'ar da yake aiki a ƙarƙashinta, ta zo da likitan dabbobi aka yi wa tsuntsuwar allura, aka ɗura mata ruwan gawayi, aka ajiye ta a ɗakin tarkace. 'Yardada ta gaya mini da bakinta cewa ba warin ne ya fi damunta ba. Ta ce, "Ba ta kuka, ba ta motsi. Ina cikin tuƙa tuwo sai in ji bayana ya yi sanyi. In na juya, ga idonta nan ta ramin ƙyaure. In kuma ta ga an kawo nama, sai fuskar nan tata ta yi ja kamar ta mutumin da ya ji kunya." Duk da haka ita ce take yanka mata huhu ƙanana-ƙanana in Malam ya fita.

Magana ba ta ɓuya a cikin birni. Aka ce Malam Isyaku ya ajiye ungulu a ɗaka yana ba ta ɗanyen nama. Aka daina sayen ƙosan 'Yardada. Sai wani dattijo a layin ya rasu, ɗan maƙwabci kuma ya kwanta zazzaɓi, nan fa aka fara haɗa wannan da wancan. Ni shaida ne, a masallaci inda ake haɗa kafaɗa da kafaɗa, sai da ta kai ana barin gurbi a damansa da hagunsa. Yakan tsaya shi kaɗai a tsakiyar sahu, ya yi sallarsa, ya ba kowa hannu, mai karɓa ya karɓa. Da mai unguwa ya kira shi ya ce ya fitar da abin nan daga gidansa kafin matasa su yi aika-aika, sai ya roƙi a ba shi lokaci ta iya tsayawa da ƙafarta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na fitar da ita yau, gobe kanta yana kasuwa. Ranar da zan sake ta, ina so kowa ya zo ya gani."

Aka kuwa zo. Dakta Bahijja ta sa mata ɗan zoben ƙarfe a ƙafa don a gane ta in an sake ganinta. Malam ya ajiye ta a fili ya ja da baya. Ta daɗe a tsaye tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, har wasu suka sunkuyar da kai. Sannan ta yi 'yar sassarfa, ta buɗe fukafukai ta tashi. Ta kewaya a kanmu, inuwarta tana bi ta kan fuskokin jama'a, har ta ƙanƙance ta ɓace ta gabas. Bayan wannan rana gurbin sahu ya cike a hankali, amma akwai gidajen da har yau ba sa barin 'ya'yansu su shiga nasa.

Kai ne, Malam Isyaku, ka ci gaba da fita bayan nan, damina da rani, kana komowa da amsa ɗaya: babu. Wani da tuni ya zauna a shago ya ƙirƙiro abin da zai faranta wa na sama rai. Kai ba ka taɓa cewa ka ga abin da ba ka gani ba. Dakta Bahijja ta ce mini wannan "babu" taka ita ce ƙashin bayan bincikensu, da ita suke zama da mahauta da masu unguwanni da masu maganin gargajiya suna nuna musu cewa abin nan ƙarewa yake yi. Ungulu ba ta jewar banza, kai ma ba ka yi ba.

Bara, da shigowar sanyi, Ɗantani mai haƙar kabari ya yi sallama a ƙofar gidan Malam. Ya ce, "Malam, baƙinka sun sauka a wurina." A tsakiyar tsohuwar maƙabartar unguwa akwai wata tsamiya wadda ko masu saran itace ba sa kusantarta, don an ce tana da masu ita. Ita kaɗai ce doguwar bishiyar da ta rage a yankin. A can ƙololuwarta ungulaye biyu suka yi sheƙa. Malam ya ɗora tabaronsa ya daɗe yana dubawa. Ɗaya daga cikinsu tana da zobe a ƙafa.

Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma masu tsibbu suna nemansa fiye da kanta. Ɗantani ya ce dare ba ya buƙatar mai gadi, don ba a haifi wanda zai hau tsamiyar nan da dare ba. Matsalar tsakar rana ce, lokacin da masu haƙa suka tafi cin abinci, maƙabarta ta yi tsit. Sai Malam ya mai da aikinsa can. Yakan zauna a tsakanin kaburbura, ya lulluɓa da wani tsohon farin mayafi don kada motsinsa ya firgita mai kwanci, ya sandare kamar dutse har la'asar.

Wata rana, rana tana tsaka, wani magidanci ya tsallako katanga da jaka a wuya. Ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba, ya kama tsamiya ya hau. Ya kai rabi ke nan sai ya ga wani abu fari yana miƙewa a hankali daga tsakanin kaburbura. Abin ya yi masa sallama, ya ce, "Bawan Allah, kada ka taka reshen nan, ruɓaɓɓe ne." Mutumin ya ƙanƙame bishiya, bakinsa yana motsi amma salatin ya ƙi fita. Ya kasa hawa, ya kasa sauka, sai da Ɗantani ya dawo ya kawo tsani.

Malam bai kira masa jama'a ba. Ya ba shi ruwa, ya jira numfashinsa ya dawo, ya tambaye shi wa ya aiko shi. Mutumin ya fashe da kuka. Ya ce 'yarsa ce take faɗuwa tana kumfar baki, wani mai magani ya ce sai da ƙwan ungulu. Malam ya ce, "Ƙwan nan ba zai warkar da ita ba. In ka ɗauke shi, ka kashe ɗan wata uwa, taka kuma tana nan da ciwonta." Washegari shi da kansa ya raka su asibiti, ya zauna a layi har aka ga yarinyar aka ɗora ta a kan maganin farfaɗiya. Ɗantani ya ce uban yakan leƙo lokaci-lokaci, ta ƙofa yanzu, ya gaida Malam.

A cikin watannin nan ne idonsa ya fara yana. Da fari ya ɗauka tabaron ne ya yi datti, ya yi ta gogewa. Likita ya ce za a iya yi masa aiki, amma sai ya kwanta ya huta, ya daina shiga rana. Malam ya ce to, bari ɗan ungulun da aka ƙyanƙyashe ya tashi tukuna. 'Yardada ta yi faɗa har ta gaji. Kafin ɗan tsuntsun ya yi gashi, Malam ya daina ganin sheƙar, sai dai duhun bishiyar. Duk da haka bai fasa zuwa ba. Yakan karkata kai ya saurari ɗan siririn kukan da ɗan yake yi in an kawo masa abinci, ya ce, "Yana nan."

Ina wurin ranar da ɗan ya tashi, don na je gaida Malam ne. An gama binne wata gawa, jama'a sun watse, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Iska ta tsaya cak. Sai muka ji fiffike yana dukan ganye a sama. Malam ya damƙe hannun Ɗantani.

"Me kuke gani?"

"Ya fito bakin reshe, Malam. Yana buɗe fiffike. Ya sake... ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, zai faɗi..."

Malam ya miƙe tsaye, mayafin ya zame daga kafaɗarsa, idanunsa masu yana suna kallon inda ba nan tsuntsun yake ba.

"Ya ɗaga!" in ji Ɗantani. "Wallahi ya ɗaga! Ga uwar nan a bayansa, ga uban!"

Malam ya koma ya zauna a ƙasa. Ya share fuska da bakin mayafi ya ce da ni, "Kira mini Dakta. Ka ce ta rubuta uku."

Malam Isyaku, mun gode. Kai ne ka ɗauki halittar da kowa ke ƙyama ka rungume ta a ƙirjinka, ka sha zargi a cikin unguwar da aka haife ka, ba ka rama ba, ba ka kuma fasa ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba 'Yardada ladan haƙurinta, Ya sa aikin idon da za a yi maka ya yi kyau.

Mu kuma da muka rage, abin da ake nema a wurinmu bai kai nasa wuya ba. Kada mu sare tsohuwar bishiya don kawai ta tare mana fili. Kada mu sayi kan ungulu ko ƙwanta, ko wa ya ce mu kawo. Wanda ya ga mushen da ƙuda ba ya tashi a kansa, ya hana yara da dabbobi kusantarsa, ya sanar da mai unguwa. Matasanmu masu karatun kimiyya kuma su je su koyi zaman nan a wurinsa tun yana da ƙarfin koyarwa.

Ba shi da wuyar samu. Da hantsi yana nan a kan bencin Ɗantani a ƙofar maƙabarta. In ka yi masa sallama zai amsa, sannan ya tambaye ka ko ka ga wani abu a kan tsamiya. Kada ka ce masa e don ka faranta masa rai. Ka tsaya ka duba da kyau, ka gaya masa gaskiya.